Farantin Birki da Sunan Kawu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗauko kifi daga Jabal Awliya zuwa kasuwar Omdurman, kuma mota ɗaya na tuƙa duk tsawon lokacin nan, farar boksi, irin akori-kurar nan mai buɗaɗɗen baya. Ba sabuwa na saya ba, ina ni ina sabuwa? A hannun wani mai fataucin albasa na same ta, ƙofar direba sai da dabara take rufuwa, amma injinta lafiya lau. Ana idar da sallar asuba nake fita, in isa bakin madatsar ruwa masunta na fitowa, a loda mini kwanduna da ƙanƙara, in juyo in biyo ta Alshajara, in haye gada, kafin rana ta buɗe na sauke. Daga nan sai in shiga neman lodin cikin gari, siminti ko gawayi ko kayan masu ƙaura, har bayan azahar sannan in nufi gida.

Duk direban da ke bin wannan hanya ya san kawuna, ƙanin mahaifiyata. Garejinsa na nan Alshajara a bakin titi, rumfar kwano ce kawai da wata tsohuwar darbejiya, ko allon suna babu. Usta ake ce masa, kamar yadda ake kiran duk wanda ya gwanance a aikin hannu. Yana gyara komai, amma a birki ya yi suna. Direbobin kifi kan ce idan Usta ya taɓa maka birki, ka gangaro gada da lodi hankalinka kwance. Ba shi da fili, ba shi da shago a kasuwa, gidan da yake ciki ma na haya ne. Wannan magana da direbobi ke yi a kansa ita ce duk dukiyarsa, da ita yake ciyar da iyalinsa. Bayan rasuwar mahaifiyata shi ya koya mini tuƙi, shi ya raka ni muka duba boksin, ya shiga ƙarƙashinta ya fito ya ce in saya.

Kawu ba mai yawan magana ba ne. Ni kuwa tun ina ƙarami aka san ni da saurin fushi da kaifin baki, mahaifiyata kan ce harshena yana riga hankalina tashi daga barci. Ban musa ba, har yau ma ban gama warkewa ba.

Abin ya fara ne a wani lokacin zafi. Ina gangarowa da lodi, na taka birki, sai na ji sitiyari yana karkarwa a hannuna kamar mai zazzaɓi. Na saki, ta daina. Na sake takawa, ta sake. Idan ina tafiya a hankali ba a ji sosai, amma da na ɗan yi gudu na taka, sai gaban motar gaba ɗaya ya ɗauki rawa, abin takawar yana harbin tafin ƙafata. Washegari, bayan na sauke kifi, na kai wa Kawu.

Ya ɗaga gaban da jak, ya cire taya, ya kawo guntun alli ya riƙe shi daf da farantin birki, ƙarfen nan mai faɗi da takalman birki ke matsewa idan an taka. Ya ce in juya farantin a hankali. Da na juya sai allin ya taɓa gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen babu zane.

Ya ce, "Ka gani? Ya karkace. Inda ya tashi shi ke bugun takalmin, shi kake ji a hannu."

Na ce, "To, Kawu, ya za a yi?"

Ya ce, "A fere shi."

Aka kai farantan biyu wurin masu injin sassaƙar ƙarfe, aka fere fuskarsu suka yi sumul, ya sa sababbin takalma, ya mayar da komai. Na fita da ita, na taka, shiru kake ji, mota ta tsaya cak. Na dawo ina yi masa kirari, yana goge hannu da tsumma yana murmushi.

Mako uku bai cika ba ta dawo da rawarta.

Kawu ba ya son aikinsa ya dawo masa, na ga haka a fuskarsa tun kafin in kashe mota. A wannan karon bai taɓa motar kowa ba sai tawa, yini guda. Ya girgiza taya ya ji ko boris ya yi sako-sako, bai yi ba. Ya cire farantin ya goge mazauninsa da takardar yashi har ya yi ƙyalli, wai ko ɗan tsatsa ne ya hana shi zama daidai. Ya zare sandunan da mariƙin takalma ke zamewa a kai, ya wanke su da fetur ya shafa musu giris. Da ya zo ɗaure notocin taya ma bai yarda na taɓa ba, da hannunsa ya ɗaure, wannan sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan, don kada wani ya fi wani matsewa. An sake fere farantan. Yana aiki yana yi mini tambayoyi.

"Kana ɗora ƙafa a kan birki kana tafiya?"

"A'a."

"Kana wanke ta a bakin kogi idan ka iso da zafinta?"

"Haba Kawu, bayanta kawai nake ɗauraya saboda ƙarni, shi ma da bokiti."

"Ba ka ratsa ruwa?"

"Wane ruwa? Sama ko gajimare babu."

Ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Ƙarfen nan idan ka yini kana takawa da lodi, zafinsa ya isa ya gasa gurasa. In ruwan sanyi ya same shi a haka, gefen da ya jiƙe ya tsuke, wanda takalmi ya rufe bai tsuke ba, sai ya lanƙwashe. Akwai abin da ke samun motar nan bayan ta bar hannuna."

Wallahi maganar gaskiya ya faɗa, amma ni kunnena wani abu daban ya ji. Abin da na ji shi ne yana neman ɗora mini laifi. Na tafi da abin a raina.

Karo na uku farantan sun yi siriri, ba za su sake feruwa ba. Kawu ya ce sai sababbi. Na bar masa motar, shi ya je kasuwar kayan gyara ya zaɓo da kansa, ya ɗaura, na zo da yamma na ɗauka. Ban ga farantan a kwalinsu ba, na dai gan su a jikin mota.

Ranar Juma'ar wannan makon ya zo gidanmu a Omdurman gaida Baba. Mahaifina a lokacin ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ba ya zuwa ko'ina sai masallacin unguwa. Ƙuruciyarsa duk a gonakin auduga na Jazira ya ƙarar da ita, yana aikin ban ruwa, kafin ya dawo birni da mu. Na iso bayan an sauko daga masallaci, don ranar ma sai da na yi wani ɗan lodi, na tarar da su biyu zaune a ƙofar gida a kan gadon igiya. Na ajiye mota inda na saba, na gaishe su, na shige ciki in watsa ruwa in ci abinci.

Da Kawu zai tafi na rako shi bakin titi. Muna tafiya ya yi ta gyaran murya, abin da ba halinsa ba.

Ya ce, "Ina so ka yi mini wani abu. Idan ka gama aiki, kada ka wuce gida kai tsaye. Ka tsaya wurin matar nan mai shayi ta bakin kasuwa, ka kashe mota, ka zauna kamar rabin awa. Sannan ka ƙarasa gida a hankali."

Na ce, "Saboda me?"

Ya ce, "Ka dai yi."

Na ce, "Kawu, shayi ne zai gyara birki?"

Ya ce, "Na ce ka yi, ɗana. Ba zai rage ka da komai ba."

Na ce to, amma a zuciyata dariya nake. Na ce lallai tsufa ya fara kama Usta, aiki ya gagare shi ya koma camfi. Mutum ya yini cikin ranar Khartoum, gumi har cikin takalmi, abinci na jiransa a gida, a ce ya je ya zauna a gindin bishiya yana kallon mota? Ko sau ɗaya ban tsaya ba.

Wata guda da 'yan kwanaki, sababbin farantan ma suka fara. Na yi ta haƙuri da su ina cika ina batsewa, har wata safiya a kan gadar Farin Nilu. Ina ɗauke da kifi maƙil, wani mai amalanken jaki ya ratso gabana. Na danna birki da ƙarfi, sitiyari ya nemi ƙwacewa, motar ta ja gefe tana ɓari, na tsaya tsakanina da amalanken bai fi taku ɗaya ba. Kwanduna biyu suka kife, mai jakin yana ta salati, na bayana suna ta oda. Babu wanda ya ji rauni.

Da na sauke kifin ban ko tsaya wanke hannu ba, na juya sai Alshajara. Na isa da hantsi, daidai lokacin karin kumallo, lokacin da direbobin kifi ke taruwa a gindin darbejiyar Kawu su haɗa kwano ɗaya na wake da mai da gurasa. Sun kai su takwas a ranar. Kawu na tsakiyarsu, ya ɗago ya gan ni ya ce, "Bismillah, zo ka sa hannu."

Ban yi sallama ba. Na tsaya a kansu na fara. Na ce yau saura ƙiris in kashe mutum saboda aikinsa. Na ce sau uku ina kawo mota sau uku tana dawowa, in aikin ya fi ƙarfinsa ya faɗa, ba ya riƙa tura ni shan shayi ba. Wani dattijo a cikin direbobin ya ce, "Kai, yi a hankali, kawunka ne fa." Maimakon in dawo hayyacina, sai abin ya ƙara tunzura ni. Na ce, kuma da ƙarfi na faɗa don kowa ya ji, "Wa ya ga sababbin farantan nan? Ni dai ban gan su a kwali ba. Wa ya sani ko tsofaffi aka goge aka ɗaura mini?"

Kawu ya cire hannunsa daga kwanon, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na zaci zai rantse, ko ya tashi ya mare ni, kuma da ya mare ni da ya kyauta mini. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya huci zuciyarka. Ɗauki motarka."

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ta kai bakin madatsar ruwa, ta kai kasuwar kifi. Kuma ba bare ne ya faɗa ba, ɗan 'yar'uwarsa ne, wanda ya koya wa tuƙi, wa zai ce ƙarya ne? Na ji da kunnena wani direba yana ce wa sabon shiga, "Gyaran inji ka kai wa Usta, amma birki kam nemi wani, ɗansa ma ya gudu." Na ji, ban gyara masa ba, har wani daɗi-daɗi na ji. Da nake wucewa ta gaban garejin sai na ga motocin da ke layi suna raguwa, masu karin kumallo ma suka koma wata rumfar.

Na kai motar wurin wani makanike a Omdurman. Na tsaya a kansa, na sayo farantai da hannuna, na yage kwalin da kaina. Mako biyar, ta dawo da rawarta. A nan ya kamata jikina ya yi sanyi, amma ina! Sai na ce motar ce tsinanniya, na fara cigiyar mai saye.

Wata rana na dawo gida bayan azahar, na ajiye mota, na shiga, har na tuɓe riga sai na tuna na bar takardun mota a kan kujera. Na fito. Tun daga zaure na ji wani sauti, cuuu, kamar an tsoma wutar maƙera a ruwa. Na leƙo, sai ga Baba durƙushe a gaban tayar gaba, da bokiti da moɗa. Ya ɗebo ruwan randa mai sanyi yana zubawa ta cikin ramukan ƙarfen taya, tururi na tashi. Ya lallaɓa da hannu ya zagaya ɗaya gefen, ya yi mata haka. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa, "Sannu, sannu, kin sha rana."

Kowane gida a unguwarmu ana yayyafa ruwa a ƙofa da rana don ƙura ta kwanta, iska ta yi sanyi. A gidanmu Baba ne ke yi, ya hana kowa, shi ne kaɗai aikin da ya rage masa. Kullum ina ganin ƙasa a jiƙe idan na fito da la'asar, ban taɓa kawo komai a raina ba, taya kuwa kafin in tashi daga barci ta bushe.

Na ce, "Baba, me kake yi haka?"

Ya ɗago yana murmushi, ya ce, "Ƙafafunta nake jiƙa mata. Taɓa ka ji, wuta ce. A Jazira ko jaki ya dawo daga aiki ba ma barinsa da zafi a ƙafa. Wannan ita ke ɗauke da gidan nan, kai kuwa sai ka shige ka bar ta tana huci."

"Tun yaushe kake yi?"

"Tun da zafin nan ya shigo. Kullum."

Jinina ya hau. Na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro, irin wadda na saba, na buɗe baki zan sake ta. Sai ya ci gaba, shi bai ma san abin da ke faruwa ba.

Ya ce, "Kawunka ma ya gani ranar da ya zo. Na ce masa, Usta, ka ga yadda nake kula muku da ita? Ya dubi tayar, sannan ya ce Allah ya saka da alheri, Yaya. Har bokitin ya ɗaukar mini zuwa ciki. Shi kam lafiya? Ya daɗe bai leƙo mu ba."

Na rufe bakina. Na karɓi bokitin, na kama hannunsa na kai shi kan gadonsa, na koma ɗaki na zauna. Abincin ranar ban ci ba. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa kaina a cikin ɗakina.

Washegari na yi abin da aka ce in yi tun farko. Na sa aka fere farantan, kuma kullum idan na gama aiki sai in tsaya wurin mai shayi, in kashe mota, in zauna har in iya ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen taya, sannan in lallaɓa gida. Baba ya ci gaba da zuba ruwansa, sai dai yanzu a kan ƙarfe mai sanyi. Har yakan ce mini, "Kwanan nan ba ka wahalar da ita, Allah ya yi maka albarka." Motar ba ta sake karkarwa ba har ranar da na rabu da ita.

Sai da na yi kwana tara ina juya abin kafin na iya zuwa wurin Kawu, kuma ban je gareji ba, gida na bi shi da la'asar. Matarsa ta amsa sallamata a daƙile, ta shimfiɗa mini tabarma ba ta ko tambaye ni mutanen gida ba. Ya fito, na durƙusa, na faɗa masa abin da na gani. Na ce ya yafe mini. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Ya ce, "Tashi zauna. Na yafe maka tun ranar."

Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka gaya mini ba? Kalma ɗaya ce fa."

Ya ce, "Na san bakinka. Da na gaya maka, abin da ka yi mini a gaban mutane shi za ka yi wa tsohon nan a ƙofar gidansa. Ni ina da ƙarfin ɗauka. Shi me ya rage masa ban da bokitin nan? Na ce bari in bi da kai ta hanyar da ba wanda zai ji kunya. Ban san ba za ka tsaya ba."

Na sunkuyar da kai. Ya bari na gama share fuska, sannan ya ce, "Amma akwai abu ɗaya. Tsakanina da kai ya wuce. Sai dai a gaban mutane ka ɓata, ɗana, a ɗaki ba ya gyaruwa. Ka je wurin direbobin da hantsi, lokacin da suke cin abinci, ka faɗa musu."

Na ce, "Kawu, in na faɗa za su mayar da Baba abin dariya."

Ya ce, "Ba sai ka ambace shi ba. Ka ce ka gano ba daga hannuna ba ne, kuma farantan sababbi ne. Ya isa."

Na ce, "In sha Allahu gobe."

Ya toshe mini duk wata kafa, bai bar mini uzuri ko ɗaya ba, amma goben nan ba ta zo ba. Washegari na taho, na hango rumfar da direbobin suka koma, na rage gudu, sai na ga fuskokinsu, na tuna yadda na tsaya a kansu ina kumfar baki. Na ce yau sun yi yawa, bari sai jibi. Jibi na ce lodi na jirana. Daga baya na fara gaya wa kaina cewa ai magana ta kwanta, tayar da ita sai ya ƙara ɓata abin. Ƙarya nake yi wa kaina, girman kai ne kawai. Ban iya tsayawa a gaban mutum takwas in ce ni ne wawa ba. Kullum sai na bi ta gaban garejin nan, in ɗaga masa hannu, ya ɗago mini. Bai sake tuna mini ba ko sau ɗaya, ya ma dawo da zuwa gaida Baba ranar Juma'a kamar da.

Na mayar da motata wurinsa, ina ganin kamar wannan zai wadatar, mutane za su gani su gane. Ba su gane komai ba, cewa suka yi jini ya fi ruwa kauri, yaron ya yi haƙuri ne saboda zumunci. Aikin birki bai dawo masa ba. Bayan kamar shekara biyu ya saki rumfar, ya koma aiki a ƙarƙashin wani wanda shi ya koya masa riƙon sifana. Mutumin da ake layi a ƙofarsa ya zama sai an ce masa kwance wannan, ɗaura wancan. Ko a lokacin ina iya magana, direbobin suna nan, ni ma ina nan.

Ciwonsa bai yi tsawo ba, kwana shida ya yi a kwance, Allah ya karɓi abinsa. Aka kafa rumfar makoki a ƙofar gidansa, mutanen Alshajara suka cika ta, na Jabal Awliya ma suka zo mota-mota, don kowa ya san shi da kirki. Ina cikin masu karɓar gaisuwa, duk wanda ya shigo mu ɗaga hannu mu yi Fatiha tare. A rana ta biyu dattijon nan da ya ce mini in yi a hankali ya zo ya zauna kusa da ni, wasu direbobin kifi huɗu suna gefensa, ana zagayawa da shayi.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Allah ya jiƙan Usta. Mutum ne har mutum. Ba don abin nan na farantai da ya taɓa shi ba, da babu kamarsa a layin nan."

Na ajiye kofin da ke hannuna. Na ce, "Ku saurare ni, don Allah." Na faɗa musu duka, da ƙarfi, har na kusa da mu suka juyo. Na ce farantan sababbi ne fil, aikinsa ba shi da aibu ko kaɗan, ruwa ne ke samun ƙarfen da zafinsa a ƙofar gidanmu, ya gano, ya gaya mini maganin, ni na ƙi ji. Na ce ƙazafi na yi masa, kuma na san haka shekara da shekaru.

Sai dattijon ya dafa gwiwata, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Haka ake so, a rufa wa mamaci asiri."

Na ce, "Wallahi ba rufin asiri ba ne, gaskiya nake gaya muku!"

Ya ce, "Mun ji, mun ji. Kowa da ajizancinsa, Allah ya yafe masa."

Sauran suka ce amin. Wasu baƙi suka shigo rumfar, muka miƙe muka ɗaga hannu.